Tafiya mabuɗin ilimi: mako guda a kan duwatsun Alp

Ran da abokina ya ce mini za su tafi hutu shi da iyalinsa, kuma yana so in raka su, abin da ya faɗo mini a rai shi ne irin hutun da muka saba da shi a nan gida: mutum ya kwashi iyali ya tafi garin iyaye, ya gai da dangi, ya yi gaisuwar mutuwa da barkar haihuwa, ya ci tuwo ya miƙe a inuwa. Sai ga shi yana fito da takalma masu nauyi irin na soja, da jakunkunan goyo, da hulunan kwano, yana ɗaure kekuna a bayan mota. Na ce masa, "Malam, hutu za mu ko yaƙi?" Ya yi dariya, ya ce in bari sai mun dawo in ba kaina amsa.

Wannan ya faru ne a watan Yuli na shekarar 2022, ƴan kwanaki bayan babbar Salla, lokacin da na je Faransa ƙaro ilimi na wata biyu. Abokin nawa tare muka yi lise. Yau malamin lissafi ne a birnin Grenoble, matarsa kuwa, mutuniyar Tawa, tana aikin jinya. Ƴaƴansu biyu, mace mai shekara 12 da namiji mai shekara 8. Na daɗe ina riƙe da labarin wannan tafiya, domin ban so in ba da shi kamar mai tallar yawon buɗe ido ba. Abin da na gani a can ya wuce kyan wuri, kuma wani sashensa ya shafe mu, mu da ƙannenmu da ƴaƴanmu.

Gari a tsakiyar duwatsu

Duwatsun Alp sun miƙe tsawon kimanin kilomita 1,200, sun ratsa ƙasashe takwas na Turai. Mafi tsawo a cikinsu, wato Mont Blanc, ya haura mita 4,800. Domin mai karatu ya kwatanta, ƙololuwar Bagzan, wadda babu kamarta a ƙasarmu, mita 2,022 ce. Mu dai mun nufi wani gari da ake kira Briançon, wanda yake zaune a tudun mita 1,326, kuma tsakaninsa da iyakar Italiya bai kai kilomita 15 ba. Wanda ba shi da mota yana iya shiga jirgin ƙasa na dare daga Pari, ya wayi gari a can.

Tsohon garin yana cikin ganuwa, kamar Birnin Damagaram, sai dai tasu ta dutse ce, kuma a kan kowane tsauni da ke kewaye akwai sansanin yaƙi yana kallon hanyar Italiya. Wani injiniyan soja na Sarki Louis na 14, mai suna Vauban, shi ya tsara ganuwar bayan harin da aka kawo yankin a 1692, kuma hukumar UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya a 2008. A tsakiyar babban titi akwai wata ƴar magudana da ruwa yake gangarowa cikinta dare da rana. An yi ta ne don kashe gobara a zamanin da wuta takan cinye garin.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne tarihin mutanen wurin, kuma na tabbata zai burge ƴan kasuwarmu. A shekarar 1343 garuruwan wannan yanki suka haɗa kuɗi, tsabar zinariya 12,000, suka sayi ƴancinsu daga hannun mai mulkinsu, Humbert na 2, wanda bashi ya yi wa katutu. Daga nan suka riƙa zaɓen shugabanninsu, suna raba haraji a tsakaninsu, suna kula da hanyoyin ruwansu da makiyayarsu. Ƙasar kuwa ba ta iya ciyar da su duk shekara, gama dusar ƙanƙara takan rufe gonaki kusan wata shida. Saboda haka da zarar an gama girbi sai maza su fita, wasu da kayan koli a baya suna bin ƙauyukan kudu, wasu kuma su je kasuwanni su tsaya a ɗauke su aikin koyar da yara. Malamin yakan soka gashin tsuntsu a hularsa: ɗaya ga mai koyar da karatu, biyu ga wanda ya ƙara da lissafi, uku ga wanda ya san Latin. In sanyi ya wuce su komo gida da ɗan abin da suka samu. Da na ji wannan sai na ce wa abokina, "Ashe su ma sun yi cin rani." Ya ce, "Sun yi, sai dai nasu cin sanyi ne." Mai karatu ya riƙe wannan magana, za mu komo kanta.

Tafiyar ƙafa

Kwananmu na biyu muka shiga kwarin kogin Clarée, muka bar mota a ƙauyen Névache, domin a lokacin zafi ana hana motocin baƙi hawa can sama da rana, sai dai kowa ya shiga motar haya ta jama'a. Inda ta sauke mu muka ɗauki jakunkuna muka fara hawa zuwa wani tafki da ake kira Laramon, a tudun mita 2,359.

A kan dutse ba a auna hanya da kilomita. Allunan da aka kafa a kowace mararraba sa'o'i suke nunawa, domin abin lura shi ne yawan hawan da ke gabanka. Ƙa'idar da masu tafiya suke bi ita ce, mutum mai matsakaicin ƙarfi yana hawan mita 300 a sa'a guda. Ni da nake taƙama na taka yashin Yamai da azahar, ban yi minti ashirin ba sai numfashi ya fara gagarata. Dalilin a fili yake: iska tana raguwa gwargwadon yadda mutum ya yi sama, kuma a tudun mita 2,500 abin da yake shiga huhu a kowane numfashi kimanin kashi uku cikin huɗu ne na abin da aka saba da shi a bakin teku. Yamai kuwa ba ta wuce mita 200 da ƴan kai ba. Haka zafi ma yake sauka, kimanin digiri 6 a kowace mita 1,000. Shi ya sa kowa yake ɗauke da rigar sanyi ko da rana tana ƙuna. Ƙaramin yaron ya juyo ya gan ni ina haki, ya ce, "Tonton, kada ka yi manyan taku, yi ƙanana kamar na tsohuwa." Na bi shawararsa, sai ga shi numfashi ya daidaita. Sannu ba ta hana zuwa.

Mun ratsa dajin wani itace da suke kira mélèze, mai siraran ganye kamar allura, wanda yake kaɗe su in sanyi ya zo. Daga wajen mita 2,200 itatuwa suka ƙare, sai ciyawa da furanni. A nan muka ji wani fito mai ƙarfi, na ɗauka makiyayi ne, ashe wata dabba ce mai kama da rema, wadda suke ce wa marmotte, take gargaɗin ƴan'uwanta. Wannan dabba takan shiga rami a watan Oktoba ta yi barci, ba ta fitowa sai Afrilu. Matar abokina ta ce ta san ma'aikata a wasu ofisoshi masu irin wannan tsari.

Can gaba muka iske garken tumaki, ya fi dubu, da makiyayi guda da karnuka. Ana kawo su daga filayen kudu a cikin manyan motoci a watan Yuni, su koma in sanyi ya gabato. Makiyayar ta ƙauye ce, ana ba da hayarta bisa takarda, an san ranar shiga da ranar fita da adadin dabbobi. Tun da kyarkeci ya komo duwatsun Faransa a 1992, makiyaya suke ajiye wasu manyan fararen karnuka a cikin garke. Yaran sun san dokarsu: kada ka ruga, kada ka ɗaga sanda, ka kewaye garken daga nesa, mai keke kuma ya sauka ya tura.

Mun kwana a ɗaya daga cikin zangunan da aka gina wa matafiya a kan dutsen. Kowa yana cire takalmansa a bakin ƙofa, likita da direba da ɗalibi su ci abinci a tebur guda da ƙarfe bakwai, su kwana a ɗaki guda a kan gadaje masu hawa biyu. Wuta daga hasken rana take, sharar da mutum ya yi kuwa a jakarsa zai sauko da ita. Tun da muka kama wuri muka faɗa musu ba mu cin naman alade, suka dafa mana miyar ganye da taliya da cuku. Rana ba ta faɗi ba sai bayan ƙarfe tara, ruwan alwala kuwa ya sa na tuna da asubahin Janairu a Agadas.

A nan wani dattijo ya ba mu labarin abin da ya sa kwarin ya zauna yadda yake. A shekarun 1970 an yi niyyar fasa babbar hanyar mota ta cikinsa zuwa Italiya. Mutanen ƙauyuka suka ƙi, a gabansu akwai wata tsohuwar malamar makaranta mai suna Émilie Carles. Aka fasa aikin, kuma a 1992 gwamnati ta sa kwarin cikin wuraren da doka ta kare. Yau abin da jikokinsu suke ci ke nan: baƙi suna zuwa su biya kuɗi domin ganin wurin da ba a ɓata ba.

Keke da darajarsa

A ƙasarmu keke abin hawan wanda bai samu ba ne. Ma'aikaci in ya sami ƙarin girma sai ya bar shi ya sayi babur, in Allah ya ƙara buɗi ya sayi mota, daga nan kuma ƙafarsa ba ta sake taka ƙasa sai tsakanin ƙofar gida da ƙofar ofis. A can kuwa na ga manyan mutane masu furfura a kan kekunan da kuɗinsu ya fi na tsohuwar mota a kasuwar Yamai.

Mun yi sa'a zuwanmu ya dace da babbar tseren kekuna ta Tour de France, wadda aka fara tun 1903. Ran 13 ga Yuli ƴan tseren suka ƙare a mashigar Granon, bisa Briançon, inda Jonas Vingegaard na ƙasar Danmak ya ƙwace rigar ɗorawa daga hannun Tadej Pogačar, kuma shi ya ci tseren a wannan shekara. Kashegari, ranar bikin ƙasar Faransa, suka tashi daga cikin garin. Mun tsaya sa'a uku a bakin hanya domin abin da ya wuce mu cikin ƙiftawar ido.

Bayan kwana biyu muka ce mu ma sai mun gwada. Mashigar dutse, wato wurin da hanya take ƙetare tsauni, suna ce mata col, ma'ana wuya. Muka tafi da mota har wuyan Lautaret, mita 2,058, inda uwar da ƙaramin yaron suka tsaya kallon lambun tsirran duwatsu da aka kafa tun 1899. Ni da abokina da ƴarsa muka nufi wuyan Galibier, mita 2,642, wanda ƴan tsere suka fara hawa a 1911. Tsakanin wuraren biyu kilomita takwas da rabi ne kacal, amma hawa ne babu sassauci. A kowace kilomita akwai ɗan dutse da aka rubuta abin da ya rage da kuma tsananin hawan da ke gaba.

Ni keke mai batir na ɗauka haya, irin wanda injinsa yake taimakon mai taka feda. Na biya yuro 45 na yini guda, wato kusan jika 30 na sefa. Da na yi lissafi sai jikina ya yi sanyi, domin a wannan shekara mafi ƙarancin albashi a Nijar sefa 30,047 ne a wata. Duk da taimakon batirin, wata tsohuwa da ba ta kasa shekara saba'in ba ta wuce ni a kan keke na gargajiya, ta gaishe ni cikin ladabi, ta yi gaba. Yarinyar ta tsaya sau uku, ta yi kuka sau ɗaya. Ubanta bai tura ta ba, bai kuma ce ta koma ba. Ya tsaya kusa da ita har ta sha ruwa ta sake hawa da kanta. Da muka kai ƙoli, ga duwatsu jere har iyakar gani, ga ƙanƙarar tsaunin Meije tana walƙiya, sai ta ce wa ubanta da Hausarta mai ɗan karkata, "Baba, ni na kawo kaina." A ganina saboda wannan kalma guda ya yi duk ɗawainiyar tafiyar.

Saukowa ta fi hawa haɗari. Iska tana da sanyi, hanya tana da kwana masu kaifi, wanda ya danne birki bai saki ba kuwa zai iya ƙona shi. Shekara biyu bayan haka, a 2024, Biniam Girmay na Eritiriya ya zama baƙar fatan Afirka na farko da ya ci zango a wannan tsere, a birnin Turin, kuma kashegari ya bi ta wannan hanya da muka bi. A ƙarshen tseren shi ya tafi da koriyar riga.

Mai karatu zai tambaya, ina suke samun lokacin wannan duka? Ba daga sama ya faɗo ba. A 1936 ne gwamnatin Léon Blum ta kafa dokar hutun mako biyu tare da albashi ga kowane ma'aikaci. Ya zama mako uku a 1956, huɗu a 1969, biyar a 1982. A kan wannan doka aka gina otel-otel da zanguna da kantunan hayar keke na waɗannan ƙauyuka.

Kogin da ya daskare

Wata rana muka shiga gandun Écrins, wanda aka kafa a 1973, domin yara su ga abin da suke kira glacier. Dusar ƙanƙara ce da ta taru shekara bisa shekara a kan tsauni, ta danne kanta har ta zama ƙanƙara mai tauri, tana gangarowa a hankali kamar kogin da aka riƙe. Daga filin da ake barin motoci muka yi hawan fiye da sa'a biyu kafin mu ga bakin wanda ake kira Glacier Blanc. A tsofaffin hotuna ƙanƙarar tana sauka har wuraren da muka taka da ƙafa. Yanzu sai tsakuwa da dutsen da ta goge ya yi sumul.

Wannan ƙanƙara rumbun ruwa ce. Tana narkewa da rani ta ciyar da kogin Durance, shi kuma ya cika madatsar Serre-Ponçon, wadda take ba da wutar lantarki, take shayar da gonakin kudu da birnin Marseille. Rumbun nan yana ƙarewa. Mako biyu kafin zuwanmu, ran 3 ga Yuli 2022, wani ɓangaren ƙanƙarar Marmolada a Italiya ya ɓalle ya kashe mutum 11. A ƙasar Suwis masana sun auna cewa kashi 10 cikin 100 na ƙanƙarar duwatsunsu ya narke a shekarun 2022 da 2023 kaɗai. A watan Yuni na 2024 kuma ambaliyar ruwa da duwatsu ta rushe ƙauyen La Bérarde, a ɗaya gefen wannan gandu. Mu da muka ga yadda damina ta rikice mana, wata shekara fari wata shekara ambaliya, ba mu bukatar a yi mana dogon bayani.

Wanda muka iske a bakin famfo

Ranarmu ta ƙarshe muka fita da sassafe mu biyar a kan kekuna, za mu wuyan Échelle, mita 1,762, mashiga mafi sauƙi tsakanin Faransa da Italiya a wannan yanki. A ƙauyen La Vachette, inda hanyar Italiya take saukowa, muka tsaya cika gorunanmu a famfon ƙauye. Wani saurayi baƙar fata yana zaune a gefe, bai fi shekara ashirin ba, wandonsa jiƙe har gwiwa, takalmansa na roba sun yage. Muna magana tsakaninmu sai ya ɗago kai ya ce, "Sannu. Ina kwana."

Ba Bahaushe ba ne, mutumin Gine ne. Ya ce mana da Faransanci ya yi wata biyu a Agadas yana jiran mota, a nan ya tsinci ƴan kalmomi. Na tambaye shi waɗanne ya riƙe. Ya ƙirga su da yatsa: sannu, ruwa, babu kuɗi, sai haƙuri. Daga Agadas ya shiga Libiya, ya ƙetare teku, ya ratsa Italiya. A daren nan ya taso daga ƙauyen ƙarshe na Italiya, ya bar hanyar mota saboda ƴan sanda, ya bi ta cikin daji a duhu. Su biyar suka taso, suka rabu a hanya.

Tun da Faransa ta komo da bincike a iyakokinta a watan Nuwamba na 2015, dubban mutane suka bi ta waɗannan duwatsu. A 2017 galibinsu ta wuyan Échelle suke bi, yawancinsu samarin Afirka ta Yamma. Daga baya hanyar ta koma ta Montgenèvre. Da rani wahala ce, da sanyi kuwa halaka ce: wasu sun rasa yatsu, wasu ƙafafu, wasu sai da ƙanƙara ta narke aka ga gawarsu. A watan Mayu na 2018 wata budurwa ƴar Nijeriya ta nutse a kogin Durance kusa da wannan ƙauye da muke tsaye. Mutanen yankin sun rabu biyu a kan lamarin. A watan Afrilu na 2018 wata ƙungiyar masu ƙin baƙi ta hau wuyan Échelle ta tare hanya, gwamnati kuma ta rushe ƙungiyar a 2021. A ɗaya gefen akwai mazauna garin da suka buɗe masauki a Briançon tun 2017, da masu fita da dare da shayi da barguna suna neman waɗanda suka ɓata. Hujjarsu ita ce tsohuwar al'adar dutse, wadda ta hana a bar mutum a cikin ƙanƙara ko wane ne shi. An kai wasunsu kotu. A watan Yuli na 2018 kotun tsarin mulkin Faransa ta yanke cewa taimakon baƙo don jinƙai ba laifi ba ne, amma shigo da shi ƙasar laifi ne.

Na ga abokina ya yi jim. Na san abin da yake aunawa: shi ma baƙo ne a ƙasar, yana da aiki da iyali da takardun da yake tsoron a taɓa. Matarsa ba ta jira shi ba. Ta durƙusa ta ce wa yaron, "Ƙanena, cire takalman in gani." Ta wanke masa ƙafafu, ta ɗaure inda ya fashe, ta ba shi safar mijinta. Muka ba shi burodi da cuku da dabinon da na zo da shi daga gida. Da ya ga dabinon sai ya rufe fuskarsa da hannu. Abokina ya kwatanta masa hanyar masaukin, ya zana masa a takarda, muka rabu.

Mun yi nisa ba wanda ya ce uffan, sai yarinyar ta matso da kekenta kusa da nawa ta ce, "Tonton, me ya sa bai shiga mota kamar kowa ba?" Na ce mata ba shi da takarda. Ta ce, "Kai kana da ita?" Na ce ina da ita, ta wata biyu. Ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "To in ta ƙare fa?" Na ce sai in koma gida. Da muka kai wuyan Échelle muka gangara kaɗan ta gefen Italiya, babu wanda ya tambaye mu kome, domin muna da hulunan kwano da kekuna masu tsada. Inda wani ya yi rawa aka ba shi kuɗi, wani in ya yi duka zai sha. Jikokin masu cin sanyi na jiya su ne yau suke kallon masu cin ranin wasu ƙasashe suna wucewa ta bayan gidajensu. Wasu sun tuna da kakanninsu, wasu sun manta.

Abin da na komo da shi

Tun daga wannan lokaci abubuwa sun sauya. A watan Nuwamba na 2023 aka soke dokar 2015 da ta hana jigilar baƙin haure ta Agadas, ofishin jakadancin Faransa a Yamai kuma ya rufe a farkon 2024. Duwatsun dai suna nan, sanyinsu ma yana nan. Duk wanda yake da ƙane ko ɗa mai shirin wannan tafiya, ya faɗa masa cewa bayan hamada da teku akwai mashiga ta uku, kuma ba a hawanta da takalman roba.

Abu na biyu ya shafi hutunmu. Ba na cewa kowa ya nemi jika 30 ya hau keke mai batir. Abin da ya fi tsada a wannan tafiya shi ne mako guda da uba ya ba ƴaƴansa, yana tafe suna tafe, yana jin tambayoyinsu. Ma'aikacinmu yana da hutun shekara, amma sau da yawa a majalisar shayi yake ƙarewa. Ɗan kasuwarmu kuwa yana ganin rufe kanti na kwana uku asara ce. Yara nawa ne a Maraɗi suka taɓa zuwa bakin tafkin Madarunfa tare da ubansu, alhali tafiyar safiya guda ce a kan keke? Nawa ne a Damagaram aka hau da su duwatsun Birni aka nuna musu garinsu daga sama? Muna da Bagzan, muna da lambunan Timiya da ruwanta mai zubowa daga dutse, a cikin yankin Abzin da wani sashensa ya shiga kayan tarihin duniya tun 1991. A da Turawa suna cika jirage su zo ganinsu, har tawaye da sace-sacen mutane suka kore su, masu rakiya da maƙera da masu raƙuma suka rasa abin yi. In Allah ya kawo cikakken zaman lafiya, bai kamata mu zauna jiran baƙi su komo ba. Ƴaƴan ƙasa ya kamata su fara cika waɗannan zanguna.

A hanyarmu ta komawa Grenoble abokina ya tuna mini da tambayata, ya ce, "To Malam, hutu ne ko yaƙi?" Na ce masa a gare mu hutu ne. Bai ƙara tambaya ba, ni ma ban ƙara magana ba. Allah shi kai kowane matafiyi masaukinsa lafiya, shi kuma sa ƙasarmu ta ishi ƴaƴanta. Sai wani mako.